Ƙasar da ke ƙarƙashin shagon awara

Osaka

Ƙanena Shigeo,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Michiyo da yara. Yaya sanyin Sapporo?

Labari ba daɗi. Wani kamfanin gine-gine yana ta saye unguwarmu gida-gida, wai za su tayar da dogon bene. Ka san shagon awarar da Baba ya bar mana, ginin ne namu, ƙasar kuwa ta gidan Tsuboi ce. A zamanin kakansu, daga gada har haikali duk nasu ne. Duk wanda ya rasu, sai magada su yanki wani yanki su sayar don biyan harajin gado. Haka maƙwabta suka mallaki nasu, mu kaɗai muka rage 'yan haya. Yanzu kuma kamfani na neman tattara komai a hannu ɗaya kamar da.

Tsoho Tsuboi ya aiko zai zo ran Lahadi. Na kasa cin abinci.

Yayarka,
Fumie

Sapporo

Yaya Fumie,

Muna gaishe ki. Ke da rashin cin abinci? Wannan sai na gani da idona!

Idan korar ki ya zo yi, kada ki rusuna masa ko sau ɗaya. Ki tattaro tukwanenki ki taho, akwai ɗaki. Mutanen Sapporo ma suna da bakin cin awara.

Ki huta lafiya,
Shigeo

Osaka

Shigeo,

Ina gaisuwa, amma zauna tukuna!

Ya zo da sandarsa, shi ne ma ya fara rusunawa. Na zuba masa awara mai zafi, ya cinye tas, sannan ya ce, "Fumie, kamfani sun dame ni. Gidana na sayar musu, ya yi mini girma. Amma nan wurin ke zan sayar wa, ki biya a hankali yadda za ki iya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa kake?"

Ya ce, "Da sharaɗi. 'Yata na so in koma gidan tsofaffi, ni kuwa a unguwar nan aka haife ni. Ɗakin samanki babu kowa. Za ki ba ni haya?"

Na yi dariya har da hawaye. Maƙwabtanmu wanzami da matar mai kifi da suka ji, su ma sun ce ba za su sayar wa kamfani nasu ba. Jiya muka sa hannu. Ƙasar tamu ce, Shigeo! Na je kabarin su Baba na faɗa musu.

Taka,
Fumie

Osaka

Shigeo,

Gaisuwa. Saƙonka ya iso, sai kun zo hutun bazara.

Ɗan hayana ya tare. Yau da safe ya sauko yana murtuke fuska, wai rufi na yoyo, kuma gyara aikin mai gida ne. Ka taho da guduma.

Mai gida,
Fumie