Shaidar Aikin Daji Da Ba Ka Rubuta Min Ba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba malamin daji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, Baba, na zo maka da ƙorafi ne, don na kasa zaune na kasa tsaye.

Ka san tun da na zo New York wayoyi nake sayarwa a shagon wani Bazabarme a layin 116. Abinci ne, na gode Allah. Amma har yau in na ga bishiya a bakin titi sai na tsaya na shafa ɓawonta, 'yata Ummi tana jan rigata wai ina ba ta kunya.

To, aikin daji ya fito a wata jiha da ke arewa da nan, kuma can ba ka zama malamin daji sai da lasisi. Abu biyu suke nema. Na farko digiri, sun duba nawa sun karɓa. Na biyu shekarun aiki a ƙarƙashin ƙwararre, shi kuma ya rubuta da hannunsa cewa ka yi.

Baba, a ƙarƙashin wa na yi in ba kai ba?

Kai ka koya min auna kaurin maɗaci, kai ka nuna min wadda za a shafa wa fenti a sare da wadda za a bari. Tare muke share hanyar wuta kafin ciyawa ta bushe. Kakan ce, "Daji ba ya son mai gaggawa." Ga ni yau mai gaggawar a ƙasar mutane, sai hawa jirgin ƙasa nake ina sauka.

Duk yaron da ya bar gandunka ka rubuta masa shaida, har da Ilu da ke barci a gindin tsamiya. Ni kaɗai ka tsallake, saboda ni ne ɗan fari. Ko sunana ba ka faɗa, sai dai "ku kira wancan." Yabon ɗan fari a takarda ai abin kunya ne a wurinka. Ni ma kunyar ce ta hana ni roƙo.

Na buga waya gida. Ofishin ya koma wani gari, waɗanda suka san mu sun yi ritaya ko sun bi ka. Matar hukumar lasisi ta saurare ni da kyau, ta ce ta yarda da ni, amma doka ba ta san yarda ba.

Saura hanya ɗaya: in bar matata Rabi da Ummi a nan, in je in fara daga tushe a ƙarƙashin wanda na girma. Ga furfura ta fara. Rabi ta ce in tafi, ta juya baya tana goge ido.

Zan tafi, Baba. Na yi fushi da kai, kuma kewarka ta fi fushin yawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa inuwar duk bishiyar da ka dasa ta kai gare ka a kabari, ni kuma Ya ba ni haƙurin sake zama ɗan koyo.

Ɗanka,
Habibu