Mabuɗi Biyu a Hannun Baba

Filinge, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Madam Anisa Nafi'u, mai bincike, Yamai.

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma gida lafiya, kin iske iyali lafiya. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki alhali ba ki san ni ba. Takarda uku na yage kafin wannan.

Sunana Basiratu, ina ajin farko na lise, wato babbar sakandare. Ni ɗiyar Malam Sahabi ce, mai kula da magazan, wato ma'ajiyar hatsi ta ƙungiyar manoman gero. Watan jiya kin raba wa ma'aikata takardar tambayoyi kan yadda suke ji da aikinsu tun da aka mai da biro, wato ofishin ƙungiya, garin Baleyara. Baba ba ya karanta Faransanci, ni na karanta masa, ni na sa alama.

Madam, na yi kuskure. Duk abin da na tambaye shi sai ya ce, "Alhamdu lillahi." Ni kuma sai in sa alama a gidan ƙarshe, na wanda ya gamsu ƙwarai. Alhali a nan ƙasarmu ta Kurfai ko mutum na kwance ba lafiya, abin da zai ce ke nan.

Ga abin da takardar ba ta nuna ba. Ƙofar magazan kwaɗo biyu gare ta. Shekara goma sha shida Baba na riƙe da mabuɗi ɗaya, abokin aikinsa Baba Garba na riƙe da ɗayan, ba mai buɗewa sai ɗan'uwansa ya iso. Da aka ɗauke Baba Garba zuwa Baleyara, shugaban ƙungiya ya haɗa wa Baba mabuɗan biyu, ya ce alamar yarda ce. Hanyar lakwal, wato makarantarmu, ta nan ta bi. Kullum da safe ina ganinsa tsaye bakin ƙofa yana duban hanya, sai ya daɗe kafin ya buɗe. A gida ma maganarsa ta ragu, kuma mu biyu ne kawai tun rasuwar Inna.

An ce da rahotonki za a duba ko a mai do mutum na biyu. Don Allah a gyara takardarsa.

Ki huta lafiya.
Basiratu Sahabi

Yamai, 15 ga Nuwamba

Basiratu ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta hana ni cin abincin rana. Ashe shi ya sa kusan duk ma'aikatan suka fito min a matsayin waɗanda suka fi kowa jin daɗi a duniya! Kuskuren nawa ne, ni da na tsara tambayoyin a biro mai sanyi.

Gyara ba zai yiwu ba. Takardun ba suna a kansu, da gangan, don kada shugaba ya gane mai magana. Kuma ba ni da ikon sa labarin mahaifinki a rahoto sai da yardarsa, daga bakinsa. Ki gaya masa kin rubuto min. In ya amince, in kira shi a waya kafin ƙarshen wata, ranar da zan miƙa rahoton.

Ki gaida shi. Allah ya ba da sa'ar karatu.
Anisa

Filinge, 24 ga Nuwamba

Madam,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwar ban girma.

Kwana biyar na yi ina juya maganar. Ranar Asabar na kai masa fura magazan na faɗa masa, idona a ƙasa. Ya ajiye ludayi ya ce, "Ke Basira, ƙarata kika kai Yamai? An ba mutum amana, shi kuma shi tahi yana kuka ga baƙuwa?"

Na ce, "Baba, ƙila su mai do Baba Garba."

Ya ce, "Garba? Wanga sarkin latti? Kullum sai na bushe bakin ƙohwa kahin shi taho yana jan takalmi." Ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya. Daga nan ya shiga ba ni labarin Baba Garba har aka kira la'asar. Rabon da in ji muryarsa haka tun damina.

Amma ya ƙi waya. Na roƙe shi sau biyu. Ya ce a bar takarda yadda take, bai yi ƙarya ba, godiya ya yi. Abu ɗaya ya yarda in isar miki, ba da sunansa ba. Ya ce, "In za ta sake tambayar ma'aikaci, kada ta ce ko yana jin daɗi. Ta ce mishi, wa ka gaisa da shi yau?"

Na san rahoton zai tafi da alamomin da na sa. Yau da safe ma yana tsaye bakin ƙofa. Na ratse na gaishe shi, na makara lakwal.

Madam, ban sani ba ko ana karanta irin wannan aiki naki na bincike a jami'a, kuma a nan ba ni da wanda zan tambaya. In ba zan takura miki ba, ko kin yarda in sake rubuto miki?

Taki cikin ladabi,
Basiratu