Kada a Sake Sayen Mai Kujera

Da sunan Allah. Ni Mainasara na Wurno, mai yankan ciyawar makarantu da asibitoci, ina rubuta wanga da hankalina cikakke. Na san waɗanda sunka gan ni bara cikin magudanar ruwan Goronyo, ƙafafu sama, injin yankan ciyawa bisa ƙuguna, za su yi gardama. Ƙugun ne ya karye, kai lafiya lau. Tun ranar ban sake miƙewa daidai ba, kuma ina jin tafiya ta matso. Aji huɗu na tsaya a firamare, wanda ya ga kuskuren rubutu shi gyara a zuci.

Na ɗaya. Rabon gado na malamai ne, ba ni sa baki. Roƙona kawai, kowa shi san rabonshi cikin injinan aiki, amma kada su bar rumfa ɗaya. Siddiq ɗana, na ji kana cewa a ba ka naka ka koma Rabah. Da injin guda mi za ka yanka? Gemu?

Na biyu, kuma don shi na daure na tashi zamne. Khalid, uwarku Khadijatu ta gaya mani kana nuna ma mutane wani injin mai kujera a waya, irin wanda aka hawa ana tuƙi, wai in Baba ya kau shi za ka saye, wai nawa tsoho ne shi ya sa ya kada ni. Ko mutuwa ban yi ba ka fara cefane. To saurara. Mai kujera don fili shimfiɗe kamar tabarma anka yi shi. Nuna mani irin wanga fili daga Achida har Goronyo. Filin makarantar Malam Alfred marmara ce da suri da turakun awaki. Bayan asibiti kututture ne. Bakin magudana gangare ne, ni shaida ne. Ni ma kujerar ce ta ja ni: na gaji da saɓa injin a kafaɗa, ina son a gan ni zamne kamar direban ciyaman. Na zaga gari da shi kafin shi taɓa ciyawa. Satin farko wuƙarshi ta ci dutse, bel ya tsinke. Mujaheed, makanikinmu na Achida, ya leƙa ya ce sai Kano, watakila Legas. Kafin bel ɗin shi iso ciyawa ta kai ƙirjin 'yan makaranta, anka kashe maciji bakin aji, saura kaɗan Malam Alfred shi ba wasu aikin. Aikin nan shi ke ciyar da gidanga da gidajen yaranmu na aiki.

Na uku. Ku sayi na rataye a kafaɗa, shi ke shiga dutse da gangare da gindin katanga. Na turawa da hannu guda ya isa, don gaban ofis inda manya ke kallo. Kafin ku biya, ku tambayi Mujaheed ko shina da kayanshi a shago. Ku saɓa shi ku ji nauyi, don wuni guda ɗan wani zai goya shi. Kada arha ta ja ku ga ƙananan nan na tsakar gidan masu kuɗi, ba su kai azahar. Mai shago kuwa, ku gaishe shi, kada ku saurare shi. Ni na saurara.

Na huɗu. Makullin rumfa hannun ɗiyata Adawiyya, don ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa injin ya burge ta ba. Gawar mai kujera na bar ma 'yar'uwarta Sa'adiya, kajinta sun daɗe suna ƙwai ƙarƙashinshi. Karo na farko ke nan da ya yi amfani.

Allah shi yi maku albarka, ɗiyana, shi ba ku masu jin maganarku fiye da yadda kunka ji tawa. Ku riƙe uwarku. Khalid da Siddiq, gaisuwar da kuke ma juna ta bakin ƙannenku ta ishe ni haka nan. Ku ci tuwo kwano ɗaya.

Saura bashi. Yari, makiyayin nan na Boyekai, tun zamanin ubana gidansu ke kwashe ciyawar da munka yanka su kai ma shanu, su kuma su aiko mana taki. Mai kujera ba yanka yake ba, niƙa yake. Yari ya zo da amalanke ya iske ciyawa ta zama gari, ko akuya ba ta iya tsinta. Ya koma wayam, shanunshi sunka yi rani da yunwa, taki kuma bai fasa aikowa ba. Na kai mishi kuɗi, ya ce saniya ba ta cin takarda. Ciyawar damina guda yake bi na, doguwa, busassa, a ɗaure. Ku yanka da na rataye, ku biyu ku kai mishi har ruga, amalanke ɗaya. In kunka ƙi, ni da Yari da shanunshi za mu tsaya gaban Allah, kuma shanun sun fi ni gaskiya.