Maryama Ta Fi Yarda da Inde

Litinin, 5 ga Agusta
'Yata Maryama ta yi sabuwar malama: Inde ta maƙwabta, shekara bakwai, ba haƙoran gaba. Ni da na yi jami'a a Yamai, nake koyar da ilimin halittu a kolej, an sauke ni. Na ce kwaɗi daga ƙwai suke fitowa. Inde ta ce ruwan sama ke zubo su. Magana ta ƙare.

Laraba, 7 ga Agusta
An kawo maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara da damina. Na ce mata alewa ce. Ta dube ni, ta tafi gindin katanga ta tambayi Inde. "Ɗaci gare shi." Shi ke nan, ta rufe baki gam.

Bara zazzaɓin nan ya kai mu asibiti a Maradi, har da ƙarin jini. Ita ta manta.

Alhamis, 8 ga Agusta
Na kai ƙara wurin babanta. Zakari ya ce, "Madam, shekaranjiya ta zubar da kunu, kika ce sannu da aiki, ƙaro wani. Ta ƙaro, kika hau ta da faɗa. Inde ko shirme ta faɗa, har ranta take faɗinsa."
Na ce na gode, babban likita.
Ya ce, "Kin ji ko?"

Juma'a, 9 ga Agusta
Na sa ido. Ba komai take ɗauka wurin Inde ba. Alwala, babanta take kallo. Ɗaurin kallabi da riƙon alli, ni. Ashe hannuna ta yarda da shi. Bakina ne ba ta saye.

Asabar, 10 ga Agusta
Sauro kamar an yi gayya. Na durƙusa na ce mata, "Inde ta yi gaskiya, akwai ɗaci sosai. Amma in ba ki sha ba, ina tsoron ki kwanta ciwo." Ta daɗe tana duban fuskata, tana neman inda wasan yake. Ta sha, ta yi kuka. Can ta ce, "Mama, da ɗacin," kamar mai ba ni maki.

Lahadi, 11 ga Agusta
Ta sha na yau, ba kokawa. Ta tambaye ni ko kifin tafki na barci. Wata amsa mai daɗi ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye. Na ce suna yi, ido buɗe.

Ba ta je katanga ba. Wataƙila don ana ruwa ne.