Keken Babanki

Sneek, farkon Maris

Femke 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da mijinki, kuma sanyin Bergen bai takura muku ba. Na zaɓi takarda ne don a waya murya takan tona ni.

Likita ta ƙi yi wa babanki aikin cire ciwon dajin da ke cikinsa. Sun ɗora shi a keken gwaji na asibiti, an rufe masa hanci da baki da na'urar auna numfashi, bai je ko'ina ba suka tsayar da shi. Ta ce ruwan maganin da ake ƙara masa ya gajiyar da zuciyarsa, in aka yanka shi a haka ba ta da tabbacin zai farka.

Abin ya ɗaure mata kai, domin duk zuwan da muke yi babanki Wiebe cewa yake kullum sai ya tuƙa keke har garin Bolsward. Bai yi ƙarya ba. Sai dai ba wanda ya tambaye shi wane keke, shi kuma bai ga dalilin faɗa ba, tunda a wurinsa keke keke ne. Mai batirin nan ne da kika aiko masa. Ashe duk watannin nan batir ke aiki, shi yana zaune a sama kamar buhun dankali. Kada ki zargi kanki, ni ma na fi kowa murna da kyautar.

An ba mu zuwa ƙarshen Afrilu a sake gwaji. Na fito da tsohon baƙin kekensa daga rumfa.

Mamarki,
Hiske

Sneek, Afrilu

Femke,

Ina gaishe ki, da fatan mura ta sake ki. Mu dai muna nan muna fama.

Renske, wadda ke koya masa motsa jiki a asibiti, ta ce zuciya tsoka ce, sai an ba ta aiki take ƙarfi, ko da mutum na shan magani. Ta ce ya tuƙa har numfashi ya yi nauyi, amma ya zama yana iya magana. Babanki kuwa duk maganar da ya samu a zagin iskar da ke kaɗa shi yake ƙarar da ita. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne tsoho Douwe maƙwabcinmu ya wuce shi a hanya, har yana tambayarsa ko tayar ce ta sace.

Kin san iskarmu a bakin ruwa. Da na ga leɓɓansa sun yi fari sai na matso da nawa keken na dafa bayansa ina tura shi, yadda nake miki kina ƙarama. Haka muka yi ta yi, har Renske ta gan mu daga motarta. Washegari ta wanke ni tas, wai hannuna ma batir ne.

Yanzu a bayansa nake tafiya. Jiya ya tsaya ya yi amai a ciyawa, ya goge baki ya sake hawa, ni kuwa na damƙe kan keke har yatsuna suka ƙage. Tsoro nake ji, Femke. In na bar shi, gani nake zuciyar za ta tsaya a gabana. In na taimake shi, ciwon ke samun lokaci.

Mamarki,
Hiske

Sneek, ƙarshen Afrilu

'Yata,

Gaisuwa a gurguje, ina fatan kuna lafiya.

Ya ci gwajin. Ina tsaye a bayan gilashi ina kallon rigarsa ta jiƙe sharkaf, ma'aikacin yana ta ƙara wa keken nauyi, babanki ya ƙi sauka. Likita ta daɗe tana duban sakamakon kafin ta ce za ta yi aikin ranar Alhamis mai zuwa.

Na yi zaton zan yi tsalle. Sai a hanyar gida na gane cewa duk wannan wahalar mun sha ta ne don a yarda a yanka shi.

Ya rantse cewa da kansa zai tuƙa kekensa zuwa asibiti ranar Laraba, likita kuma ba ta hana ba. Zan bi shi a baya. Ki yi ƙoƙari ki iso kafin nan, ki tuƙo nasa keken zuwa gida. Na iya jan keke biyu tun ina yarinya, amma wannan ba zan iya jan sa babu kowa a kai ba.

Mamarki mai jiran ki,
Hiske