Tukunya Ɗaya Da Surukina Ba Za Ta Yiwu Ba

Zuwa ga Manajan gidan abincin 'yan Sin da ke cikin Kano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya jama'a. Ni malamin firamare ne a Sabon Gari, Wudil. Na fito daga gidanku ina godiya, amma da ƙorafina.

Ranar wata Asabar na rako surukina Alhaji, mahaifin matata, daga Dagumawa zuwa asibitin ido. Da likita ya sallame mu da labari mai daɗi, na ce bari in karrama dattijo a wajenku.

Na farko, yabo. Tun kafin mu tambaya ma'aikaciyarku ta tabbatar mana naman yankan Musulmi ne. Curin fulawar nan mai nama a ciki da kuke turarawa a kwandon gora kuwa, Alhaji ya tashi da kwando biyu, shi da ko a gidan biki ba ya wuce loma uku.

Na biyu, ƙorafin. An girka mana tukunya ɗaya tal tana tafasa a tsakiyar tebur, aka jera ɗanyen nama da ganye, wai kowa ya jefa ya tsamo. Ranka ya daɗe, a wajenmu mutum ba ya haɗa kwano da surukinsa. Tun da na yi aure Alhaji bai taɓa ganin ina tauna ba. Na ja ma'aikaciyar gefe na roƙi ƙaramar tukunya a wani lungu, ta ce tsarinku ne, tebur ɗaya tukunya ɗaya. Dole na ce na ƙoshi. Haka na zauna ina tsamo masa nama da tsinkayen nan naku, yawuna na tsinkewa. Sai da na sa shi a motar Dagumawa na samu soyayyen kifi a bakin gadar Wudil.

Ban yi da-na-sani ba. Alhaji ya baza wa duk garinsu cewa mijin 'yarsa ya dafa masa nama da hannunsa, kuma wallahi na ji daɗin wannan shaida.

Roƙona shi ne ku tanadi ƙananan tukwane, ku sa ko da asabari ne tsakanin tebura, ku kuma fahimtar da ma'aikata. Don Allah a hanzarta. Alhaji ya aiko cewa ranar komawa asibiti sai mun biyo ta wajenku, kuma ƙannensa biyu za su raka mu. Ƙoshin ƙarya a gaban suruki ɗaya na iya, a gaban uku ban yi alkawari ba.

Allah ya ƙara kasuwa, ya tsare muku gida daga gobara.

Wassalam.

Naku,
Wani malami daga Wudil