Gogen Babanki Ya Bar Hannuna

Haguenau, ranar Litinin.

Zuwa ga Bluma, sanyin idona, furen bishiyar ceri da ke riga sauran furanni buɗewa, shamuwar da idan ta sauka a kan rufin coci kowa ya san sanyi ya ƙare. Ya ke wadda muryarki ta fi mini ruwan rafi daɗi a kunne, ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai zauna kusa da ke ba. Ina fatan ke da mahaifiyarki Mama Tosca kuna samun sauƙin zuciya.

Zan fara da babbar maganar, domin na san halina: idan na shiga kewaye-kewaye, takarda za ta ƙare ban iso ba. Gogen Babanki ya bar hannuna. Ba sata aka yi ba, ba kuma gobara ba ce. Ni na bayar da shi ranar Asabar, cikin hankalina. Ke kika ce in riƙe shi, na amsa miki, ga shi na saɓa. Roƙona ɗaya ne, ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Ba zan rubuta sunansa ba, tunda a al'adarku ba a ambatar sunan wanda ya tafi. Amma bari in faɗi abin da na sani game da shi. An haife shi a cikin motar-gida a bakin hanyar Wissembourg, shekara biyu bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare. Kawunsa ne ya ɗora masa goge a kafaɗa. Bai taɓa koyon karanta rubutun kiɗa ba, bai kuma taɓa jin ya rasa wani abu ba. Yana saurayi ya riƙa tsallaka kogin Rhin zuwa Karlsruhe yana yi wa sojojin Amurka kiɗa a kulob ɗinsu. A can ya ji kiɗan jaz daga hannun masu shi, ya dawo da shi ya gauraya da wanda ya gada. Daga nan sai Paris, gidajen abinci da ɗakunan rawa, masu jita biyu a bayansa suna riƙe masa kiɗan, shi kuwa yana yawo a samansu yadda ya ga dama. Faifai ɗaya ya yi da sunansa, a 1974. Mutane suna cewa uku ne. Na bincika, sauran biyun na wasu ne, ya yi musu kiɗa ba su sa sunansa ba.

Da matasa suka koma wa jitar lantarki, kasuwar ta mutu. Ya dawo nan ya kama saƙar kujeru da sayar da tsohon ƙarfe, gogen yana ƙarƙashin gado, ba ya fitowa sai ranar suna ko biki. Da duniya ta sake waiwayar wannan kiɗa, masu shirya manyan taruka suka zo har filinku, inda kuke ajiye motocin-gidanku, da doguwar mota suna nemansa. Ina wurin. Ya bar su a tsaye har sai da ya gama ɗaure kujerar da ke hannunsa.

Na san kin san wannan duka, ke da kika yi shekaru kina zaune a bayansa da jita. Na rubuta ne don ki tabbata na san nauyin abin da na bayar. A makarantar sassaƙa goge ta Mirecourt, inda na gama a bara, goge masu tsada sun ratsa hannuna. Na Babanki ba ya cikinsu. Takardar da ke manne a cikinsa ta ce ɗan Italiya ne, alhali aikin wata masana'antar Jamus ce. Akwai tsaga a gefen hagu da aka toshe da gam irin na kafinta. A kansa akwai ƙunar sigari, inda yake maƙale ta idan zai fara kiɗa. Fentin ya goge a wurin da haɓarsa ke zama, har itacen ya yi duhu. Duk da haka ban taɓa jin gogen da ke magana kamarsa ba. Wannan ba yabo ba ne, abin da kunnena ya ji ke nan.

Kin tuna Lahadin nan ta watan Mayun bara, da la'asar, ana gasa bushiya a bakin daji? Kina sanye da koriyar riga, gashinki ya kwance kina ture shi da kafaɗa don hannayenki biyu suna kan jita. Rana ta ratso ganye ta sauka a wuyanki. Wayyo, Bluma! Wane kogi ne ya taɓa ɗaukar haske yadda kika ɗauke shi ranar? Wane tsuntsu ne ya san lokacin shiga waƙa kamar yatsunki? Ina tsaye jikin bishiya na kasa motsi, sai Babanki ya sauke gogen ya kira ni.

Ya ce, "Kai Florent, zo nan. Tun ɗazu ka kafe mu da ido kamar ɗan sanda. Gogen kake kallo ko 'yata?"

Na ce gogen.

Ya ce, "To Allah ya ba ka haƙuri, don shi ma ba na sayarwa ba ne."

Kowa ya fashe da dariya. Ke ma kika yi, har hannunki ya kuskure bugu. Ban taɓa jin kin kuskure ba sai ranar, kuma na ajiye wannan kuskuren a zuciyata fiye da duk wata kyauta da aka taɓa yi mini.

Sai watan Fabrairu ya zo ya tafi da Babanki. Washegarin jana'iza da safe maza suka ja motar-gidansa zuwa ƙarshen fili, da gadonsa da kwat-kwat ɗinsa da hulunansa a ciki, aka kawo fetur don a ƙone ta. Akwatin gogen yana bakin ƙofa. Kika rungume shi kika ƙi saki. Baffa Pepi, ƙanin Babanki, ya tsaya a kanki.

Ya ce, "Saki, 'yata. Ko wuta ko hannun bare, babu na uku. Kayan mamaci ba sa kwana da danginsa, kin sani."

Mama Tosca ta waiwaya tana neman bare a cikin taron, idonta ya faɗa kaina. Ta ce, "Ga gajonmu can tsaye kamar sanda. Ba shi ya je ya karanta goge ba? A ba shi mana."

Gajo, sunan da kuke kiran wanda ba jininku ba; cikin ƙauna ta faɗa, ban yi shakka ba. Amma katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da filinku. A murhunku na girma, harshenku na iya kafin in iya rubuta nawa, yayyenki ne suka koya mini tuƙi. Ranar ce aka nuna mini matsayina a fili: ni ne mutumin wajen da ake iya miƙa wa abin da dangi ba sa taɓawa. Kika sa mini akwatin a hannu, yatsunki kamar ƙanƙara, kika ce, "Kada ya bar hannunka, Florent. Yi mini alkawari." Na yi.

Ga abin da ya biyo baya, yadda na lura da shi. Tun daga ranar ba ki sake taka ƙofar gidanmu ba. Idan za ki kasuwa, ta ɗaya gefen titi kike bi. Idan na zo filinku ana gaishe ni da kyau, ana ba ni kofi, amma kujerata tana can nesa da wuta, kuma Mama Tosca ta ware mini kofin da ba wanda ke sha da shi. Ban zargi kowa ba. Wanda yake kwana ɗaki ɗaya da kayan mamaci, haka ake yi da shi. Gogen yana kan kabad ɗina lafiya lau, ina duba shi saboda damshi, ni kuwa kullum ina ƙara nisa da ke. Me ya rage wa mutumin da aka ba shi amanar rana aka ce ya zauna a inuwa?

Na je wurin Baffa Pepi don in tabbatar, kin san ba na son aiki da zato. Na same shi kansa a cikin injin mota. Na ce, Baffa, a ce wani bare yana riƙe da kayan mamaci, sai kuma ya so ya auri 'yar gidan.

Bai ɗago ba ya ce, "A ce wani bare. Wane baren, ɗan makaranta? Miƙo mini sifana."

Na miƙa.

Ya ce, "Ranar da ta shiga gidanka ka zama namu, kuma namu ba ya ajiye wannan abin. Ko gogen ko yarinyar. Kuma idan za ka rabu da shi, ka kai shi inda ba za mu ji labarinsa ba, kada wata rana mu shiga biki mu ji muryar ɗan'uwana a hannun wani. Yanzu matsa, ka tare mini haske."

Na yi makonni ina juya maganar. Na so in zo in tambaye ki, sai na ga cewa in na yi haka na ɗora miki zaɓi tsakanin Babanki da ni, kina cikin makoki. Wannan ba tambayar da ake yi wa 'ya ba ce. Na gwammace laifin ya zama nawa ni kaɗai.

A shagon gyaran goge da na fara aiki, wata malamar kiɗa ta biyo ta kawo gyara a kan hanyarta ta komawa ƙasarsu. Ƙasa ce mai nisa, a bakin teku, ba zan faɗi sunanta ba saboda sharaɗin Baffa. Tana da wata ɗaliba mai kunne da hannu wadda ba ta da goge nata na kanta. Na sa malamar ta gwada shi a gabana. Ta kaɗa layi ɗaya na waƙa ta tsaya ta dube ni, ta ce na wane ne? Na ce na wani ne da ya iya. Na sa masa sababbin tsirkiyoyi, ban taɓa ƙunar sigarin ba, ban taɓa tsagar ba, na ba ta shi ta kai wa ɗalibar. Ba za a rataye shi a bango ba, ba za a kulle shi a gilashi ba. Za a kaɗa shi kowace rana. Iyakar abin da na iya yi masa ke nan, kuma na san bai kai alkawarin da na yi miki ba.

Yanzu hannuna babu komai, ya farin cikina, ya ruwan da ƙasa ke jira. Ba ni da gogen, ban kuma san ko ina da ke ba. Kina da ikon ki ce na ci amanarki, ba zan yi gardama ba, domin haka ne. Amma ina so ki sani ban bayar da shi don na raina shi ba. Na bayar ne don ina so kujerata ta dawo kusa da wuta, ina so in sha a kofin da kowa ke sha, ina so in tsufa ina jin jitarki daga ɗaki na gaba. Na gaji da zama gajonku. Ina so in zama surukinku.

Na san a wurinku ba a zuwa neman aure da kwat da fure kamar yadda mutanenmu ke yi. Saurayi da budurwa sukan ɓace ne na 'yan kwanaki, su dawo tare su durƙusa a gaban uwa su nemi gafara, ta mare su, shi ke nan an zama miji da mata. Haka Babanki ya yi da Mama Tosca, haka yayyenki suka yi. Ni ban taɓa ɓacewa ba a rayuwata, ko makara ban iya ba, amma na shirya. Maigidana ya ara mini motar shago. Ranar Juma'a da safe zan tsaya a gefen gidan burodin da ke bakin kasuwa, kin ga ba sai kin bi ta ƙofar gidanmu ba. Akwai wani ɗaki a kan duwatsun Vosges, na je na duba, rufinsa ba ya yoyo.

Idan ba ki zo ba, zan jira har kasuwa ta tashi, in mayar da motar, kuma ba za ki ji na sake tayar da maganar ba. Idan kika zo da fushinki, ki zo da shi, akwai wuri a motar, hanya kuma tana da tsawon da za ki faɗa mini duk abin da na cancanta. Ranar da muka dawo zan roƙi Mama Tosca ta haɗa marinki da nawa ta sauke a fuskata.

Ko kin zo ko ba ki zo ba, zuciyar nan ba ta da wata mai ita bayanki, yau da gobe, har ranar da za a daina ambatar sunana.

Naki,
Florent